Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Mutum Huɗu Ta Waƙar Shagon Aski Har Ta Fita Gaban Jama'a

Waƙar shagon aski, wadda Amurkawa ke kira babashof, waƙa ce ta mutum huɗu da muryoyinsu zalla, babu kowane irin kayan kiɗa. Kowa da layin da yake bi, amma dukansu kalma ɗaya suke furtawa a lokaci ɗaya. Tushenta yana wajen baƙar fatar kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da shagon aski yake majalisar maza: wani ya ɗauko waƙa yana jiran layi, sauran su lalubo muryoyin da za su hau kan tasa da kunne kawai. Shahararren mawaƙin jazz Louis Armstrong ma yana yaro ya yi waƙar mutum huɗu a titunan New Orleans. A 1938 O. C. Cash da Rupert Hall suka kafa ƙungiyar masu sha'awar wannan waƙa a Tulsa ta jihar Oklahoma, ita ce yau ake kira Barbershop Harmony Society, kuma tun 2018 take karɓar mata. Matan kuwa sun riga sun kafa tasu, Sweet Adelines, a wannan garin a 1945. Yawancin masu yin ta ba sana'arsu ba ce. Malamai ne da direbobi da 'yan fansho, suna haɗuwa da yamma, su fita su rera a gidajen kula da tsofaffi, da bikin gari, da coci, da liyafar aure.

Muryoyin huɗu da aikin kowacce

Wanda kunnensa ya saba da mawaƙi da 'yan amshinsa sai ya ajiye wannan tsarin tukuna, don nan babu mai bayarwa babu mai karɓa. Wanda kuma ya saba da kwayar coci, inda karin waƙar ke can saman kowa, shi ma akwai abin da zai sauya: a nan karin waƙar yana hannun murya ta biyu daga sama.

Jagora shi ke riƙe da karin waƙar, wato abin da mutum zai tafi gida yana rerawa. A maza, bisa haruffan da ake kiran sautukan kiɗa da su, muryarsa takan kama daga D da ke ƙasa da C ta tsakiyar fiyano zuwa F da ke samanta. Ana so ya kasance mai bayyananniyar murya, mai fitar da kalmomi, wanda ba ya tangaɗi ko an saka masa wata murya a kunne.

Tena yana saman jagora kusan koyaushe, da siririyar muryar nan ta ka wadda maza ke yi ba tare da matsa maƙogwaro ba. Ba ƙarfi ake nema wajensa ba, tsabta ake nema. Tenan da ya saba cika ɗaki da murya a kwaya yakan sha wahala a nan kafin ya koyi ja da baya.

Bes shi ne ƙasa. Ya kamata ya iya sauka zuwa F da ke oktab ɗaya da rabi ƙasa da C ta tsakiya (oktab shi ne tazarar da ke tsakanin do da do na gaba a do re mi), muryar tana da kauri ba hucin iska ba. Wannan ita ce muryar da ba a iya ƙirƙira. Idan babu bes na gaske, a ci gaba da nema, kada a tilasta wa wani ya riƙa gurnani a inda muryarsa ba ta kai ba.

Bariton yana yawo a tsayin jagora, wani lokaci ƙasa da shi wani lokaci sama, yana ɗaukar duk sautin da ya rage don kod ya cika. Kod shi ne sautukan da aka haɗa suka tashi tare. Layin bariton idan aka ji shi kaɗai ba ya kama da waƙa, tsalle-tsalle ne kawai, shi ya sa ake ba wa wanda ya fi kowa kunne. Gishirin miyar ke nan: idan ya yi daidai ba mai ambatonsa, idan babu shi kowa ya ji lami.

Wajen zaɓen mutane a fara da jagora da bes. A sa su rera baiti ɗaya su biyu, a saurara daga nesa. Idan muryoyin sun narke cikin juna, an samu ginshiƙi. Idan ɗaya tana da kaifi ɗaya tana da duhu har ana jin mutum biyu daban, ƙarin mutum biyu ba zai gyara ba. Gwajin kunne kuma mai sauƙi ne: mutum ya riƙe do na sakan goma, wani yana hawa yana sauka do re mi fa so kusa da kunnensa. Wanda ya saki nasa ya bi na maƙwabci bai shirya zama bariton ba tukuna.

Kafin a rera ko baiti ɗaya, a zauna a yi maganar da ke rusa ƙungiyoyi fiye da rashin murya: wace rana ake atisaye, sau nawa a wata za a iya fita, wa ke karɓar gayyata, kuma kuɗin da aka samu ina za su. Mutum huɗu ne cif. Ɗaya ya fasa zuwa, an tashi.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Na farko usur ɗin ɗaukar murya, ɗan faifai ne zagayayye mai ramuka, kowane rami da sautinsa. Maza sun fi amfani da mai kamawa daga F zuwa F, mata daga C zuwa C. Akwai manhajar waya mai yin wannan aiki, amma a gaban jama'a usur ya fi, ba ya mutuwa ba ya shigo da kira. Sai takardar waƙa kwafi huɗu da fensir. A takardar, tena da jagora suna layukan sama, bariton da bes suna na ƙasa. Sandar sautin tena da ta bariton tana kallon sama, ta jagora da ta bes tana kallon ƙasa. Sai faifan koyo, inda aka ɗauki waƙar sau da yawa: a wani muryarka ta fi fitowa, a wani an cire ta gaba ɗaya don ka cike gurbin. Da wannan ne dubban mutanen da ba su iya karanta rubutun kiɗa ba suke koyo. Sai waya don ɗaukar atisaye.

A sayi takardun ta halal. A Amurka waƙar da aka wallafa fiye da shekara 95 ta fita daga haƙƙin mallaka, amma rabon muryoyin da wani ya rubuta mata daga baya nasa ne, ba a buga shi a raba haka kawai.

Ɗakin atisaye ya zama matsakaici. Mai amsa kuwwa sosai yana rufe kuskure, ya sa ku ji kamar kun iya. A kashe fanka, domin iskarta na yanka sauti ya riƙa rawa.

Daidaita murya

A nan gizo yake saƙa, kuma a nan ya kamata rabin lokacin watannin farko ya tafi. Abin da ya bambanta wannan waƙa da sauran shi ne amon da ke tashi sama da kan mawaƙan idan kod ya zauna daram, har a ji kamar akwai murya ta biyar da ba mai yin ta. Ba tsafi ba ne, lissafi ne. Kowace murya tana ɗauke da ƙananan sautuka a samanta, masu girgiza ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu na asalin sautin. Idan muryoyin huɗu suka tsaya a kan rabon 4:5:6:7, waɗannan ƙananan sautukan sai su faɗa kan juna su ƙarfafa juna.

Ga misali da lamba. A ce do yana girgiza sau 220 a sakan. Mi zai zama 275, so 330, sai na huɗun 385, wato ti da aka sauke rabin taki (tazarar maɓallin fiyano da na kusa da shi), wanda masu karatun do re mi ke kira "ta". Ninki biyar na 220 shi ne 1100, ninki huɗu na 275 ma 1100, sun haɗu. To fiyano ba haka yake ba da su ba. Mi ɗinsa 277 ne da ɗoriya, ta ɗinsa 392. Ninki huɗu na wannan mi ya kusa 1109, saboda haka yana karo da 1100 kusan sau tara a sakan, abin da kunne ke ji kamar kaɗawa, wau-wau-wau. Idan aka raba rabin taki gida ɗari, mi na gaskiya yana ƙasa da na fiyano da kashi 14, ta yana ƙasa da kashi 31, so kuwa yana sama da kashi 2 kacal. Shi ya sa ba a atisayen wannan waƙa da fiyano. A koyi layi da shi idan ana so, amma a rufe shi kafin a haɗa muryoyi.

Ga yadda ake horon, a ki na B-filat (ki shi ne sautin da aka ɗauka a matsayin do aka ɗora waƙar a kansa), da wasalin "u" ko "o":

Bes ya ɗauki do na ƙasa, jagora ya ɗauki do na sama. Su riƙe har kaɗawar ta mutu, a ji kamar mutum ɗaya ne mai faɗin murya. Kada a wuce nan sai an samu.

Bariton ya shigo da so a tsakaninsu. Ya ɗan ɗaga shi kaɗan, kada ya zauna a kansa da nauyi. Idan ya dace za a ji kod ɗin ya buɗe.

Tena ya ɗora mi a saman jagora, a hankali. Ya fara daga inda ya saba, ya riƙa zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan yana saurare. Akwai wurin da kaɗawar za ta ragu, ta ragu, ta tsaya cak. Nan ne gidansa. Ya wuce wurin da gangan, ya dawo, sau biyar ko shida, har maƙogwaro ya haddace.

Yanzu jagora ya sauko daga do zuwa ta, taki guda da ɗan ƙari. Wannan shi ne kod ɗin da aka san waƙar shagon aski da shi, kuma yana cike da jan hankali zuwa gaba, kamar maganar da ba a ƙarasa ba. A ƙarasa ta haka: bes ya hau fa, jagora ya sauka la, tena ya hau fa na sama, bariton kuwa ya yi tsalle daga so zuwa do na sama, ya haye kan jagora. A wannan tsallen za a gane irin rayuwar bariton.

Ana son murya miƙaƙƙiya. Rawar muryar nan da mawaƙin da ke waƙa shi kaɗai yake ƙawata sauti da ita tana hana kod zama, don sautin yana hawa yana sauka. Jagora kaɗai ake yi wa uzuri ya ɗan saka ta a ƙarshen dogon sauti.

Doka ɗaya kuma ta raba gardama: jagora yana bin ki, sauran ukun suna bin jagora. Idan kowa yana gyara wa kowa, babu wanda ya tsaya, waƙar sai ta yi ta gangarawa.

Wa zai fi ƙara

Ba daidai ake raba ƙarfi ba. Ƙa'idar da aka saba ba masu koyo ita ce bes kashi 40, jagora 30, bariton 20, tena 10, ƙasa da faɗi sama da tsini. Ba awo ne na mudu ba, amma yana nuna hanya. A cikin kowane kod kuma, mai riƙe da tushensa da mai riƙe da na biyar (do da so a misalin baya) su cika murya, mai na uku da mai na bakwai (mi da ta) su sassauta. Bariton ya ƙara idan yana ƙasa da jagora, ya rage ya siranta idan ya haye samansa, in ba haka ba masu sauraro za su ɗauka layinsa ne karin waƙar. Kowa ya ɗauki fensir ya yi alama a takardarsa inda yake riƙe da na uku ko na bakwai. Aiki ne na dare ɗaya, amfaninsa na shekaru.

Koyon waƙa

A fara da masu sauƙi. Barbershop Harmony Society tana da tarin tsofaffin waƙoƙi 12 da ake kira Barberpole Cat, waɗanda kusan duk mai wannan harka ya haddace. Ban da sauƙi suna da wata fa'ida: ranar da ɗayanku ya kwanta rashin lafiya, za a iya aro wani daga wata ƙungiya ya shiga ba tare da atisaye ba. Sababbin ƙungiyoyi suna son ɗauko abin da zakarun gasa suka rera. Wannan kuskure ne, don an yanka waɗancan waƙoƙin ne daidai muryoyin wasu mutane.

Kowa ya koyi layinsa a gida. Ya saurari faifan sau da yawa yana bin takarda da ido bai buɗe baki ba, sannan ya rera da "lu lu" babu kalmomi, sannan da kalmomi, sannan da faifan da aka cire muryarsa. Wanda ya yi gaggawar rerawa tun sauraron farko yakan haddace kuskure, kuma cire kuskuren ya fi koyon sabo wuya. Lokacin haɗuwa ba na koyon layi ba ne.

Idan an haɗu, awa biyu a mako ya isa. Kwata na farko a ɗumama murya da horon da aka bayyana a sama. Sannan a shiga sabuwar waƙa bibbiyu: jagora da bes, jagora da bariton, jagora da tena, su biyun da ba sa rerawa suna saurare suna faɗin inda aka kauce. Daga nan uku-uku, daga nan duka. Inda kod ya ƙi zama a tsaya a kansa, a gina shi daga tushe, sai na biyar, sai na uku, sai na bakwai, a koma baya kod biyu a sake shigowa. Rabin awa na ƙarshe a rera tsofaffin waƙoƙi a tsaye, daga farko har ƙarshe ba tsayawa, waya tana ɗauka.

A rufe da wutsiyar waƙa, wadda suke kira tag. 'Yan kod ne na ƙarshen waƙa, layi ɗaya ko biyu, inda sau da yawa mutum ɗaya ke riƙe dogon sauti sauran suna juyawa kewaye da shi. Ana koyon ta da baki cikin minti biyar, kuma a nan sabuwar ƙungiya ta fi saurin jin amon nan karo na farko.

Kalmomi da numfashi

Ko sautuka sun yi daidai, kod ba zai yi amo ba idan bakunan huɗu ba siffa ɗaya suka yi ba, saboda siffar baki ita ke zaɓar ƙananan sautukan da za su fito. Wasalin jagora shi ne ma'auni. A tsaya gaban madubi ko a fuskanci juna, a dubi buɗewar baki da leɓe. Ingilishi cike yake da tagwayen wasula irin "ai" da "au" da "ei". A riƙe na farkon kusan tsawon sautin duka, a juya zuwa na biyun a ƙarshe, kuma a juya tare. Mutum ɗaya ya riga sauran juyawa, kod ya dushe nan take. Baƙaƙen da ake iya rerawa, m da n da l, a ba su sauti su ɗauki waƙar zuwa kalma ta gaba. Masu tsayar da iska, t da k da p, a taɓa su a wuce. Harafin s a ƙarshen kalma shi ne mai tona asiri: idan ba a sake shi tare ba sai a ji sss huɗu a jere.

A rubuta wuraren numfashi a takarda, kowa wuri ɗaya. Numfashin ya zama cikin bugun waƙar, ta baki a buɗe cikin siffar wasalin da ke tafe, ba tare da ɗaga kafaɗa ba.

Abin da ke lalacewa da dalilinsa

Babbar cuta ita ce zamewa ƙasa: a fara a B-filat a ƙare a A. A busa usur a ƙarshen kowace waƙa don a sani. Idan an zame, a rera ta kashi-kashi ana busawa har a kama layin da abin ke faruwa. Dalilan sanannu ne. Ana yin takin hawa gajere, takin sauka kuma dogo, musamman daga do zuwa ti. Maganin shi ne a faɗaɗa hawa a tsuke sauka. Sautin da aka maimaita sau uku ko huɗu yakan sunkuya, sai a riƙa ɗaukar kowanne kamar ya ɗara na baya tsayi. Ƙarshen dogon layi yakan faɗi don iska ta ƙare, a ƙara wurin numfashi. Akwai kuma na ɓoye: wani ya sauke sautinsa don yana na uku ko na bakwai, sai kod ya sauya sautin nan ya zama tushe, shi kuwa bai mayar da shi sama ba, kowa ya bi shi ƙasa. Wannan sai an zauna da takarda ake gano shi. Wani lokaci ma ki ɗin ne bai dace da jagora ba, a ɗaga rabin taki a gani. Sau da yawa waƙar da ke zamewa a wani ki takan tsaya a na samansa.

Idan waƙa tana jan ƙafa, galibi numfashi ne ke cin lokaci, ko bes yana shiga kowane sauti daga ƙasa yana hawowa. Idan tena yana tsinkewa, yana tura muryar ƙirji ne inda ta ka ta kamata. Idan kun ji daɗin kanku a ɗaki amma abin da waya ta ɗauka bai yi daɗi ba, wayar ce mai gaskiya.

Fita gaban jama'a

Kada a karɓi gayyata sai an haddace waƙa takwas da za a iya rerawa ba takarda, ko an tashe ku daga barci. Kowace waƙa minti biyu zuwa uku ce, saboda haka shida da 'yar magana a tsakani sun cika minti 20, wanda shi ne daidai yawancin taron gari. Biyun da suka rage na ko-ta-kwana ne.

A tambayi mai gayyata tun da wuri: mutum nawa, cikin ɗaki ko fili, akwai lasifika, su waye masu sauraro, kuma suna cin abinci ne lokacin ko sun gama. Ta ƙarshen tana da muhimmanci. Muryoyi huɗu ba sa iya gasa da cokula da hira, a roƙa a sa ku bayan an kwashe kwanuka. A tambaya kuma ko wurin yana da lasisin rera waƙoƙin da ke da haƙƙin mallaka. A Amurka ASCAP da BMI ne manyan masu bayar da shi, kuma yawanci nauyin mai wurin ne ko mai shirya taron.

A jera waƙoƙin da tunani. Ta farko mai sauri wadda kuka fi iyawa, don tsoro yana cin numfashi a mintunan farko. Mai taushi ta zo ta uku ko ta huɗu. Kada a jera biyu masu ki ɗaya da tafiya ɗaya. Wadda ta fi wahalar da tena kada ta zo ƙarshe lokacin da ya gaji. A duba kalmomin tsofaffin waƙoƙi da kyau, domin wasu na farkon ƙarni na 20 suna ɗauke da kalaman raina baƙar fata, ba su da wuri a taron yau.

Tsayuwa: jagora da bes a tsakiya kafaɗa da kafaɗa, tena gefen jagora, bariton gefen bes, na gefen su ɗan karkato ciki kamar jinjirin wata don kowa ya ji kowa ya kuma ga bakin jagora ta wutsiyar ido. A ɗakin da bai wuce mutum hamsin ba a bar lasifika. Idan dole ne, makirfo biyu masu ɗaukar sauti daga nesa a kan sanda ɗaya a tsakiya, daidai tsayin haɓa, ku tsaya kamar taku ɗaya daga gare su. Ba wa kowa makirfonsa a hannu yana rusa rabon ƙarfin da kuka sha wahala a kai, ya mayar da shi hannun mai kula da na'ura, wanda zai ɗaga tena daidai da bes. A fili a nemi bango a baya, a guji juya fuska ga iska, kuma kada a yi ihu don cike sarari. A waje ba za ku ji amon da kuka saba ji ba, ihu kuwa shi ke kawo zamewa da dushewar murya. Gara a matso da mutane kusa.

Ɗaukar murya ya zama gajere. Mai usur ya busa tushen ki lokacin da ake tafi ko mai magana yana ƙarasawa, kowa ya ji shi a ka, a yi ɗan gunjin kod ɗin a hankali idan ana bukata, jagora ya ja numfashi a fili, a shiga tare. A rubuta jerin waƙoƙin da ki ɗin kowacce a 'yar takarda a manna bayan usur, domin busa ki ɗin wata waƙa ga wata kuskure ne da ake yi. Idan an fara a ki mara kyau, a tsaya, a yi murmushi, a sake busawa. Jama'a na yafe wannan da dariya. Idan kuwa a tsakiya wani ya ɓata, jagora kada ya tsaya ko kaɗan, wanda ya ɓata ya yi shiru yana motsa baki ya shigo a farkon layi na gaba.

Mutum ɗaya ya riƙa magana tsakanin waƙoƙi, jimla biyu ko uku, sauran suna kallonsa ba suna gyara riga ba. Tufafi su zama iri ɗaya. Riga mai ratsi da hular kaba da aka san su da ita a hotuna ba wajibi ba ce.

Gidan tsofaffi yana da nasa tsari. Kada a wuce kwata ɗaya ko minti 20, a zaɓi waƙoƙin zamanin ƙuruciyarsu, a matsa kusa, kada a cika ƙara saboda masu na'urar ji. Za a samu masu rerawa tare da ku, wani ma a wani ki daban, a bar su. A ware lokacin gaisawa bayan an gama. Ranar masoya ta 14 ga Fabrairu kuwa, ƙungiyoyi da yawa a Amurka suna yawon kai saƙon waƙa: mutum ya biya, ku je ofis ko gidan wanda yake so ku rera waƙa biyu ku miƙa fure da kati. Da wannan rassan Barbershop Harmony Society da dama suke tara kuɗi. A irin ranar ana iya rerawa daga safe har dare, saboda haka a sauke ki rabin taki, a riƙa kurɓar ruwa, a yi shiru cikin mota, kuma a kira wurin aikin tun kafin a je don a tabbatar za a bar ku ku shiga.

A ajiye waya a bayan ɗaki ta ɗauki taron duka. A atisaye na gaba a saurara tare da usur a hannu, a duba ki ɗin da kowace waƙa ta ƙare a kai, kowa ya faɗi abu ɗaya da zai gyara a layinsa shi kansa kafin ya taɓa na wani.